Tsarkin da ke ja da baya da tsarkin da ke miƙa hannu

A Birnin Ƙonni, in aka ce wa yaro ya je ya yi tsarki, buta zai ɗauka. Wannan kalma ta yau da kullum ce aka ɗora wa kaya mai nauyi sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A bakin Kirista, mai tsarki shi ne wanda aka keɓe domin Allah, tsarkakewa kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne a zuciya, sannu-sannu, har ƙarshen rai.

Wani mai bi, da nisantar zunubi yake auna tsarkinsa. Ba ya kusantar giya, ba ya zaman majalisar gulma, ba ya taɓa kuɗin da ba nasa ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Kiristocin Malbaza da Illela 'yan tsiraru ne cikin maƙwabta Musulmi, ido na kansu, kuma in ɗaya ya yi abin kunya ikilisiya duka ake ambata. Mai bin nan yana da madogara ma: Littafin Firistoci, sura 13, ya sa kuturu ya zauna bayan zango. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda mai wannan hali kan wayi gari yana ƙyamar mai zunubi fiye da zunubin.

Ɗayan tsarkin kuwa a Galmi na fi gane shi, a asibitin da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa, inda yawancin majinyata Musulmi ne. Dubi ma'aikaciyar jinya durƙushe gaban tsoho manomin albasa, tana warware tsumman da ya manne wa gyambonsa. Wari ya sa 'yan rakiya toshe hanci da bakin mayafi. Ita kuwa sai cewa take, "Sannu Baba, saura kaɗan."

Wannan ya fi nauyi a ma'aunina. A farkon Bisharar Markus, Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa. Ƙazanta ba ta hau shi ba, tsarkinsa ne ya hau kuturun. Kunyar idon jama'a kaɗai tana iya hana mutum giya shekara da shekaru, amma ba ta iya durƙusar da shi kullum gaban ruɓaɓɓen ciwon baƙo. Sai an taɓa zuciya.

Duk da haka, hannun nan da ya wanke gyambo, in ya karɓi na goro kafin ya duba talaka, ya zubar da aikin safiyar duka.