Kilarinet: Yadda maɓallanta ke aiki, da abin da za ka duba da wayarka kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya tashi a Kutama ko ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo ya san cewa da zarar an girbe dawa, kara ya zama kayan wasan yara. A cikin abubuwan da ake yi da shi akwai tilɓoro: a tsaga ɗan siririn harshe a jikin karan, a hura, harshen ya kaɗa ya ba da sauti. Masana kiɗa suna lissafa shi a dangin kilarinet, baƙar abar busar nan mai ƙarafa da ake gani a hannun 'yan badujala na soja da 'yan sanda. Dukansu harshe ɗaya gare su. Algaitar fada kuwa harshe biyu take da shi, don haka danginta daban ne.

Bambancin shi ne maɓallai. Yatsun mutum goma ne, babban yatsan dama ma ɗaukar nauyi kawai yake yi, amma ramukan jikin kilarinet sun haura ashirin, wasu a inda hannu ba zai kai ba. Sai aka haɗa sandunan ƙarfe da sifirin, ta yadda idan ka danna nan, murfi ya buɗe ko ya rufe can. Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a Jamus ake jingina wa ƙirƙirarta wajajen 1700, kuma ta farkon maɓallai biyu ne kacal. A 1812 Iwan Müller ya fito da mai 13. Daga 1839 zuwa 1843 Hyacinthe Klosé da Louis-Auguste Buffet suka tsara wadda ake kira tsarin Boehm a Faransa, mai maɓallai 17 da zobba 6. Ita ce ta cika duniya a yau, ban da Jamus da Ostiriya inda tsarin Oehler ke da kasuwa. Wannan ya shafe ka: yawancin darussan YouTube na Boehm ne, in ka sayo ɗaya tsarin yatsunka ba za su dace da na malamin ba.

Mafi yawan lalacewa daga murfi take farawa. A ƙarƙashin kowane murfi akwai ɗan matashi mai laushi da ke toshe rami. Ɗaya ya tsage ko ya karkace, iska ta riƙa zurarewa, sai ka ji ƙasan sauti ya ƙi fita ko ta yi ta ƙyalƙyala kamar ɗan tsako. Sabon ɗan koyo zai ɗauka shi ne bai iya ba, alhali kayan ne. Gwajin ba wuya: cire rabin sama, toshe ramuka da yatsu, toshe ƙasan da tafin hannu, ka zuƙi iska. In ta riƙe leɓenka, lafiya lau. Haka kuma ka kashe wutar ɗaki, ka haska fitilar waya ta cikin bututun, duk murfin da haske ya leƙo ta gefensa yana yoyo. Sai ƙaramin ƙarfen da ke haɗa rabin sama da na ƙasa, wanda ke lanƙwashewa in an murɗa da gaggawa wajen haɗawa. Kada ka miƙe shi da filaya, kuma don Allah ban da gam mai kamawa nan take, domin shi ke mai da ƙaramin gyara babba.

Batun saye kuma, a ganina ɗan koyo a yankinmu ya manta da ta katako tukuna. Masu tsadar ana yin su da baƙin icen mpingo na Tanzaniya da Mozambik. Sautinsa da daɗi, amma bai son hunturu: cikin bututu ya jiƙe da numfashi, waje ya bushe ƙamas, sai ya tsage. Ta roba irin Yamaha YCL-255 ko Buffet Prodige ba ruwanta da wannan. Ka yi hattara da masu arha marasa suna a kasuwannin intanet, ƙarfensu yana da laushi, yau a gyara gobe ya koma.

In ta hannu ce, kada hoto ya ishe ka. Sa mai sayarwa ya turo bidiyo yana busawa daga sauti mafi ƙasa zuwa sama ba tare da yankewa ba, ya nuna lambar jiki da gaɓoɓin haɗi kusa-kusa. Ranar karɓa ka je da manhajar daidaita sauti a wayarka, a saita ta a 440. Kada ka tsorata in an busa C ta nuna B♭, haka aka ƙera irin da aka fi amfani da ita. Abin dubawa shi ne ko allurar tana tsayawa kusa da tsakiya a yawancin sautuka bayan an yi 'yan mintuna ana busawa.

Ka haɗa da kwalin harsuna mai lamba 2 ko 2.5 a lissafinka, don suna saurin mutuwa, kuma mai yiwuwa sai ka shiga cikin Kano ko ka yi oda kafin ka samu.