Bilƙisu, Hijabi da Ƙwallon Kwando

A gidajen kallo na Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, idan aka ce ƙwallo, ta ƙafa ake nufi, kuma ta maza: Arsenal, Chelsea, Madrid, sai Kano Pillars idan hira ta dawo gida. Ƙwallon kwando ta mata ko a lissafi ba ta. A Amurka ma, inda aka ƙirƙiro wasan a 1891, na mata ya daɗe a bayan fage, har wata ɗaliba ta zo ta cika masa filaye.

Sunanta Caitlin Clark, ta Jami'ar Iowa. Daga 2020 zuwa 2024 ta ci maki 3,951, ta shafe tarihin yawan maki a gasar jami'o'i da wani namiji, Pete Maravich, ya kafa tun 1970. A wannan wasa jifa daga kusa maki biyu ne, daga bayan layin nesa maki uku. Ita kuwa tun daga kusa da tsakiyar fili take saki, ƙwallo ta faɗa raga. Wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta mata a 2024, wanda South Carolina ta doke Iowa, kusan mutum miliyan 19 suka kalla a talabijin, adadin da ya zarce na wasan ƙarshe na maza. Da yawansu dominta suka zo, daga baya wasan ya kama su.

Amma ni, da za a ce in zaɓi wadda zan ba 'yan matan Bebeji ko Doguwa labarinta, Bilqis Abdul-Qaadir zan ɗauka, wato Bilƙisu a bakinmu. Musulma ce baƙar fata, 'yar Springfield ta jihar Massachusetts, garin da aka haifi wasan. Tun a sakandare ta ci maki 3,070, abin da babu ɗalibi, mace ko namiji, da ya taɓa yi a jihar. Ta buga wa Jami'ar Memphis, sannan Indiana State, da hijabinta, hannu da ƙafa a rufe. Ita ce ta farko da ta yi haka a babban rukunin gasar jami'o'in ƙasar.

Da ta kammala a 2014 ta so fita ƙasashen waje ta yi wasan sana'a, sai ta ci karo da dokar hukumar FIBA wadda ta hana rufe kai, wai don kada wani ya ji rauni. Dokar ce ta sa matan Qatar suka janye daga wasannin Asiya a Koriya ta Kudu a shekarar. Bilƙisu ta ƙi cire hijabi, ta shiga fafutuka. A watan Mayun 2017 FIBA ta sauya dokar. Sai dai kafin nan shekarun ganiyarta sun wuce a zaman jira, don haka ta koma koyar da yara mata. Wasu ne suka sha romon.

A wannan shekara ta 2017 D'Tigress, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka fara jera kofin Afirka: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A Olamfik ta Faris a 2024, ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama, sun doke Ostareliya da Kanada, suka zama tawagar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kwata fainal. A cikinsu akwai Murjanatu Musa. Nawa ne a cikinmu suka san da wannan?

Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta yi tsalle a gaban maza ba yana da hujjarsa, kuma ban ga amfanin yi masa gori ba. Abin da bai sani ba, wataƙila, shi ne ƙanƙantar abin da wasan ke buƙata. Filin mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai haɗiye irinsa fiye da goma. Mutum biyar-biyar ake bugawa. Daɓen siminti, ƙarfe biyu da mai walda na kasuwa zai iya haɗawa, ƙwallo ɗaya, da malamar motsa jiki: duk za su shiga cikin katangar makarantar 'yan mata ta kwana, inda ba mai kallo sai 'yan ajinsu.