Wa Ke Kula da Mai Kula da Ke? Wani Tsari Daga Ostireliya

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin zo awo kika tarar da ma'aikaciyar da ke jin yarenki, ta san al'adar gidanku, hankalinki yakan kwanta, har ki faɗa mata abin da kike jin nauyin faɗa wa likita. To ita wa take kai wa nata kuka? A ƙasar Ostireliya an daɗe ana neman amsar wannan tambaya.

'Yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba. Daga wajen 1910 zuwa 1970 hukuma ta riƙa raba 'ya'yansu da iyayensu da ƙarfi, wasu ma daga gadon asibiti, kuma sai a 2008 gwamnati ta nemi gafara. Saboda haka kakar da ke tsoron jikarta ta je asibiti tana da dalili. A 1971 suka buɗe asibitin kansu na farko a unguwar Redfern da ke Sidni, aka kuma ci gaba da horar da 'ya'yansu aikin lafiya. Tun 2012 akwai rajista ta ƙasa ga masu wannan aiki, kamar yadda ake yi wa nas da ungozoma.

Aikin yana da nauyi biyu. Ma'aikaciyar tana auna jini da nauyi, tana tafinta, tana bin gida-gida. Idan ta tashi daga aiki kuwa, gida take komawa cikin mutanen da ta duba da safe. Mai cikin nan ƙanwarta ce ko 'yar gwaggonta. Za a ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsakar dare. Gwaggo za ta tambaye ta sakamakon gwajin 'yarta, alhali doka ta hana ta faɗa. Idan jariri ya rasu, ita ce ma'aikaciya, ita ce kuma mai zaman makoki, wani lokaci ita dangi za su ɗora wa laifi.

Ga kuma dokokin al'ada. A ƙabilu da dama, zancen ciki da haihuwa na mata ne zalla, namiji ba ya sa baki. Namiji ba ya magana da uwar matarsa kai tsaye, kuma akan daina ambaton sunan mamaci na wani lokaci. Ke da kika san kunyar surukai da ta ɗan fari ba sai an yi miki dogon bayani ba. Shugaban da bai san wannan ba zai ga kamar ma'aikacin da ya ƙi shiga wani ɗaki yana gudun aiki ne. A ƙauyuka masu nisa kuma akan ɗauke mai ciki zuwa birni tun ciki yana wajen sati 36 zuwa 38, ta jira naƙuda nesa da danginta, kishiyar goyon ciki ke nan, kuma sau da yawa ma'aikaciyar ce ke lallashinta ta yarda.

Shi ya sa suka ga duba aiki irin na ofis bai wadatar ba. Nas ko likita yana duba ko ta yi gwaji daidai. Ban da wannan, ana haɗa ta da wata babba daga cikin mutanenta, dattijuwa ko tsohuwar ma'aikaciya, su zauna lokaci-lokaci ba tare da takardar maki ba, wani sa'in a waje ƙarƙashin bishiya. Nan take faɗin abin da ya tsaya mata a rai: yadda za ta riƙe sirri ba tare da ta ɓata zumunci ba, ko wace majiyyaciya ce ya kamata ta bar wa abokiyar aikinta. A ganina abu mafi muhimmanci shi ne ana lissafa wannan zama cikin lokacin aiki, ba alfarma ba ce.

Me ya shafi cikinki? Ma'aikaciyar da ta gaji takan ajiye aiki, mata kuma su daina zuwa awo saboda babu fuskar da suka sani. A 1993 aka fara wani shiri a Yankin Arewa inda dattawan mata ke tallafa wa masu ciki tare da ma'aikatan lafiya, kuma nauyin jarirai ya ƙaru a garuruwan da aka fara. A birnin Birisben, wani shiri da aka soma a 2013 ya haɗa ungozoma guda da ke bin mace tun daga awo har jego, da ma'aikata 'yan asali, da kula da su kansu ma'aikatan. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna haihuwar bakwaini ta ragu da kimanin kashi 38 cikin 100. Ba abu ɗaya ne ya jawo hakan ba, haɗuwarsu ce.

Maigida da uwar miji, idan kuna da 'yar'uwa mai aikin asibiti, kada ku matsa mata ta faɗi sakamakon gwajin wata, ko ta ba da magani a gida. Ke kuma, idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko motsin jariri ya ragu, kada ki tsaya jiran ta dawo daga aiki. Ki taho asibiti nan take, ko da dare ne.