Ashar: laifin kalma ne ko na mai furta ta?

Masu iya magana kan ce baki shi ke yanka wuya, kuma babu inda wannan karin magana ta fi tabbata kamar a kan ashar. Tambayar da nake son mu duba a yau ita ce: me ya sa wasu kalmomi ke tayar da hankali har a zare wuƙa, alhali da baƙaƙe da wasulan da ake kiran tuwo da miya aka gina su?

A ilimin kimiyyar harshe, tun daga darussan Ferdinand de Saussure da aka buga a 1916, an yarda cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin sautin kalma da ma'anarta. Ke nan ƙazantar ashar ba a cikin sauti take ba. Al'umma ce ke ɗora mata nauyi, kuma kowace al'umma takan ɗauko zaginta ne daga abin da ta fi darajantawa ko ta fi tsoro. Alal misali, masu jin Faransanci a lardin Kubek na Kanada da sunayen kayan coci suke zagi, mutanen Holan kuwa da sunayen cututtuka irin su sankara da taifod.

To, shi Bahaushe fa? Asharsa kusan duka a kan uwa da uba take, haka ma daƙuwa, wadda ashar ce ta hannu. Kalmar shege ma asalin mutum take soka. Wannan ya nuna mana cewa abin da Bahaushe ke tsaro shi ne asali da mutuncin iyaye. Al'ummar da mace ke kunyar kiran sunan mijinta da na ɗanta na fari, wadda ke cewa bayan gida da kama ruwa domin sakaya zance, ba abin mamaki ba ne ta ɗauki ambaton tsiraicin iyaye a matsayin ƙarshen cin mutunci. Musulunci ya ƙara ɗaure wannan. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya zagin iyayen wani cikin manyan zunubai, domin mai yin haka shi ke jawo a zagi nasa. Aya ta 4 ta Suratun Nur kuma ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba.

Sai dai mai karatu ya sani sarai cewa ba kowace ashar ce zagi ba. Uwa kan ce wa ɗanta “uwarka” ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Taubasai kan yi wa juna baƙar magana a tashi ana dariya, haka Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi. Katsinawa ma an daɗe ana tsokanarsu da cewa ashar a bakinsu kamar gaisuwa ce. Shi kansa shege yakan koma yabo, kamar a ce wane yana da shegen ƙoƙari. Kalmar ɗaya ce, abin da ya sauya shi ne wa ya faɗa, ga wa, kuma a wane muhalli.

Binciken kimiyya ma ya nuna ashar ba kamar sauran kalmomi ba ce. Tun a ƙarni na 19 likitan Ingila John Hughlings Jackson ya lura cewa wasu da ciwon ƙwaƙwalwa ya hana su magana suna iya ƙunduma ashar idan ransu ya ɓaci. A 2009 Richard Stephens na Jami'ar Keele ya sa ɗalibai tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara, ya gano masu ashar sun fi jurewa. Amma a 2011 ya ƙara gano cewa waɗanda suka mayar da ashar abincin kullum ba sa samun wannan sauƙi sosai. Wato ƙarfinta daga hanin da aka yi mata yake fitowa.

A nan ne damuwata take. Wasan taubasai yana da iyaka da kowa ya sani, kuma akwai manya da ke tsawatawa. A kafofin sada zumunta irin su Facebook da TikTok babu wannan shinge. Yaro kan zagi sa'an kakansa saboda saɓanin siyasa ko na aƙida, ƙannensa na kallo suna koyo, wasu 'yan siyasa kuma suna biyan masu yi. Wannan ba barkwanci ba ne, domin babu zumuncin da ke ɗauke masa dafi.

Saboda haka ina ganin bai isa mu riƙa ce wa yara kalma kaza ba ta da kyau mu yi shiru ba. Mu faɗa musu dalili: mutumin da za ka zaga yana da uwa da uba kamar yadda kake da su, kuma duk ashar da ka jefa gidanku za ta dawo. Mu manya kuma mu fara da bakunanmu, domin a gida da tasha yaro ke jin ta kafin ya kai ta intanet. Allah Ya ba mu ikon kame harsunanmu.