Nasiha Ga Mai Niyyar Ƙaura Zuwa Kano

Ku sani tambaya ta yawaita daga Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda game da tashi da iyali zuwa Kano, saboda rashin zaman lafiya da ya auka wa ƙauyukanmu.

Tun 1929, da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura daga Zariya, tafiya ba baƙon abu ba ce gare mu. Amma fa ci-rani daban, ƙaura daban. Ɗan ci-rani buta da tabarma sun ishe shi. Magidanci kuwa sai ya fara zuwa shi kaɗai, ya sami masauki ta hannun ɗan gari, ya gabatar da kansa ga mai unguwa, kana ya komo ya ɗebi iyali.

In da hali a jira kaka, a biya bashi. Malamanmu na Malikiyya sun ce mai bin bashi yana iya hana ka tafiya idan ajalin biya zai cika ba ka nan.

Gona kuwa kada a sayar, wallahi kuɗin haya ne zai cinye ta. A ba ɗan'uwa aro gaban shaidu biyu, a rubuta, a ambaci iyakokinta, domin magada.

A bi ta Gusau da Funtuwa da rana tsaka, bayan an tambayi direbobi labarin hanya. Tafiyar ta wuce mil 48, sai a yi ƙasaru. Da an shiga Kano da niyyar zama, a cika salla.