Sayar da Filayen Shaƙatawa na Jama'a: Darasin Birnin Nairobi ga Masu Zuba Jari

A duk birnin da jama'arsa ke ƙaruwa, fili shi ne kadarar da ta fi saurin yin tsada, kuma babu filin da ke jan hankalin masu harkar gine-gine kamar wanda hukuma ta keɓe domin shaƙatawar jama'a. Galibi yana cikin gari, ga hanya, ga ruwa da lantarki a kusa, kuma babu mazauna da za a tasa balle a biya su diyya. To amma abin da ya faru a Nairobi, babban birnin Kenya, daga 1989 zuwa 1999, da kuma dokoki da hukunce-hukuncen da suka biyo baya, ya nuna cewa irin wannan fili kan zame wa mai sayensa mafi tsada duka.

Benen Dandalin Uhuru

Dandalin Uhuru fili ne mai kimanin hekta 13 a tsakiyar Nairobi, wanda Shugaba Jomo Kenyatta ya buɗe a 1969. Nan ne ƙananan ma'aikata ke hutawa da tsakar rana, nan ne kuma talaka ke kai iyalinsa ranar hutu ba tare da ya biya ko anini ba. A 1989 aka bayyana shirin yanka wani sashe nasa domin gina bene mai hawa 60, wanda zai ƙunshi hedkwatar jam'iyyar KANU mai mulki a lokacin, da ofisoshin jaridar Kenya Times, da kantuna, da wurin ajiye motoci 2,000, da mutum-mutumin Shugaba Daniel arap Moi. Kamfanin da ke da aikin na jam'iyyar ne, tare da hannun jarin attajirin nan na Ingila, Robert Maxwell. An ƙiyasta aikin zai ci kimanin Dala miliyan 200, akasarinsu bashi daga ƙasashen waje wanda gwamnati za ta tsaya wa.

Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, ita ta ja gaban masu adawa. Ta rubuta wa ministoci da jaridu da ofisoshin jakadanci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, sa'an nan ta garzaya Babbar Kotu. A watan Disamba na 1989 kotun ta yi watsi da ƙarar bisa hujjar cewa ba ta da hurumin shigar da ita, domin Babban Lauyan Gwamnati kaɗai ke da ikon yin ƙara a madadin jama'a. An ci mutuncinta a majalisar dokoki, an kuma kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnati da take zaune a ciki.

Duk da haka ba a gina benen ba. Hayaniyar ta kai kunnen masu ba Kenya rance, waɗanda suka fara tambayar yadda ƙasar da ke neman a sassauta mata bashi za ta tsaya wa jam'iyya a kan bashi irin wannan. A farkon 1990 masu kuɗin waje suka janye, aikin ya tsaya cik, kuma a watan Fabrairu na 1992 aka cire shingen da aka kewaye wurin da shi. Watau masu adawa sun faɗi a kotu, amma sun yi nasara a wurin masu ba da bashi.

Gandun Dajin Karura

Rikici na biyu ya fi kama da ciniki tsantsa. Karura gandun daji ne mai fiye da hekta 1,000 a arewacin Nairobi, wanda doka ta keɓe tun 1932, yana kuma maƙwabtaka da unguwannin masu hannu da shuni irin su Muthaiga da Gigiri. A 1998 asiri ya tonu cewa an yayyanka wani babban ɓangare nasa an raba wa kamfanoni masu zaman kansu domin gina gidaje na alfarma, har an shigo da manyan motoci an fara share wuri.

A watan Oktoba na wannan shekara masu zanga-zanga suka ƙona kayan aikin 'yan kwangila. Ranar 8 ga Janairu, 1999, masu gadin da aka ɗauka haya suka far wa Farfesa Maathai da magoya bayanta sa'ad da suka je dasa itatuwa a bakin gandun, suka ji mata ciwo a ka. Daga nan ɗaliban jami'a suka fito titunan Nairobi, malaman addini da jakadun ƙasashen waje suka sa baki. A watan Agusta na 1999 Shugaba Moi ya ba da sanarwar hana raba filayen gwamnati, masu ginin kuma suka kwashe kayansu. Daga 2009 aka kewaye gandun da shinge, ya zama wurin shan iska da motsa jiki wanda ake biyan kuɗin shiga.

Dalilin da ya sa jama'a ke tashi

Masu goyon bayan sayar da irin waɗannan filaye suna da hujjarsu. Sukan ce birni na bukatar gidaje da ofisoshi, gini na samar da ayyukan yi, gwamnati kuma za ta sami kuɗin fili da haraji maimakon ta riƙa kashe kuɗi wajen kula da ciyawa da itatuwa. Matsalar wannan lissafi ita ce ba ya ƙidaya abin da ba a rubuta shi a littafin baitulmali.

Wurin shaƙatawa yana shanye ruwan sama ya rage ambaliya, yana sanyaya gari, yana kuma ɗaga darajar gidaje da kantunan da ke kewaye da shi. Wannan amfani yana watsuwa ne a kan dubban mutane shekara da shekaru, alhali kuɗin sayarwa sau ɗaya ake karɓarsu, kuma da zarar an zuba siminti babu sauran komawa baya. Daɗin daɗawa, ba a cika sayar da filin a bainar jama'a bisa farashin kasuwa ba. Akan ba wani ne a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi kuma ya juya ya sayar da tsada. Bambancin da ke tsakanin farashin biyu dukiyar jama'a ce da ta koma aljihun mutum ɗaya, kuma shi ne tushen fushin da ake gani.

Hukumar binciken da Shugaba Mwai Kibaki ya naɗa a 2003 a ƙarƙashin Paul Ndung'u ta tabbatar da haka. Rahotonta na 2004 ya ƙiyasta cewa an ba da takardun mallaka kimanin 200,000 ba bisa ƙa'ida ba daga 1962 zuwa 2002, mafi yawansu daga tsakiyar shekarun 1980. Ya nuna yadda aka mai da filin gwamnati ladar biyayya a siyasa, da yadda waɗanda aka ba suka riƙa sayar wa hukumomin gwamnati da tsada, ciki har da asusun fansho na ma'aikatan ƙasar.

Yadda doka ta juya

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne cewa doka ta bi bayan masu adawa. Dokar gandun daji ta 2005 ta wajabta samun amincewar majalisar dokoki kafin a taɓa iyakar gandun gwamnati, abin da a da minista ke yi da sanarwa kawai. Tsarin mulkin 2010 ya ba kowane mutum ikon kai ƙara a kan muhalli ba tare da ya nuna asarar da shi kansa ya yi ba, watau ya toshe ƙofar da aka bi aka kori ƙarar 1989. Kazalika sashe na 40 ya fayyace cewa kariyar da ake ba dukiya ba ta haɗa da wadda aka gano an same ta ba bisa doka ba.

A watan Afrilu na 2023 Kotun Ƙolin Kenya ta nuna ma'anar wannan a aikace, a shari'ar kamfanin Dina Management da gwamnatin yankin Mombasa kan wani fili a bakin teku. Kamfanin ya saya ne daga hannun wani, yana kuma riƙe da takarda mai rajista. Kotun ta ce tun da asalin filin na jama'a ne kuma ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da shi tun farko, takardar ba ta da inganci, kuma mai saye ba zai fake da cewa bai sani ba.

Abin lura ga mai jari

Saboda haka asarar da ke jiran mai sayen irin wannan fili iri uku ce. Ta farko ita ce jinkiri, domin kuɗin ruwan banki ba ya tsayawa don aiki ya tsaya. Ta biyu ita ce janyewar abokan hulɗa da masu ba da rance, waɗanda ke gudun abin da zai ɓata musu suna. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce soke takardar mallaka bayan gwamnatin da ta ba da ita ta shuɗe, abin da kan bar bankin da ya karɓe ta jingina da takarda kawai a hannu.

Wannan batu ba baƙo ba ne a Nijeriya, inda dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke izinin mallaka domin amfanin jama'a. Ya kamata mai niyyar saye ya binciki abin da taswirar tsarin gari ta keɓe filin dominsa, da wanda aka fara ba, da hanyar da aka bi aka sauya masa manufa, da kuma ko an ji ta bakin mazauna wurin. Idan farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, to wannan ma abin tambaya ne, domin araha ba ta ado.

Farfesa Maathai ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta kuma rasu a 2011. Dandalin Uhuru da gandun Karura suna nan a matsayin filayen jama'a.