Wa Ya Sace Ɓarawo?

Ga kacici-kacici, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, yakan sace malami a kan buzunsa, ya sace mai gadi da tocila a hannu. To, a ɗakina ɓarawon nan aka yi wa sata. Wata uku cur, kullum ƙarfe biyun dare sai idona ya buɗe tar, kamar an kira sunana. Ƙofa a kulle, taga a rufe, babu sawun kowa a tsakar gida. Wane mai ƙarfin hali ne ke sace ɓarawo?

Wanda na fara tuhuma shi ne sauro, don an daɗe da sanin halinsa. Na sayo sabon gidan sauro, na fesa magani har uwargida ta yi ta tari. Na kwanta ina murmushin wanda ya kama mai laifi. Ƙarfe biyu na bugawa sai ga ni ina ƙirga layin silin, babu ko kukan sauro ɗaya.

Sai na koma kan shayi. Na ƙaurace wa teburin mai shayin bakin layinmu kwana goma, har ya aiko yaronsa ya tambaya ko lafiya. Shayi ma ya fita daga zargi. Uwargida, wadda tun farko take da nata wanda take zargi, ta ce, "Malam, wayar nan ce, ka bar ta a falo ka gani." Na bari. Gwaggona da ta ji labari ta aiko da turare da jawabi mai tsawo a kan mutanen ɓoye. Na karɓa da ladabi, ɗaki ya yi ƙamshi, ni kuwa ido biyu.

Mutum huɗu a hannu, duk na sallame su. Amma akwai wani dare guda da ya tsaya mini a rai.

Daren wata Alhamis ne. Na kwanta bayan isha, ban farka ba sai da ladan ya yi kiran asuba. Na bi ranar daki-daki kamar ɗan sandan ciki. Tuwon dai shi ne, katifar ita ce, zafin garin bai ragu ba, wuta ma ba a kawo ba. Me ya bambanta? Na duba, na sake dubawa. Ban ga komai ba.

Bakin zaren a teburin mai shayi na same shi, ranar da na koma. Ina zama ya ce, "Yallaɓai, akwai ƙwai biyu na ran nan da ka ce sai ka dawo." Sati uku ke nan da maganar, kuma mutumin nan ba shi da littafi ba shi da biro. Don tsokana na ce, to me na sha ranar ƙarshe da na zo, wanda na biya nan take? Ya sosa ƙeya. Ya yi dariya. Ya ce, "Wanda aka biya ai ya wuce."

Na ajiye kofin a hankali. Na taɓa jin wannan maganar, amma daga wata ƙasa mai nisa.

A birnin Balin na Jamus, a shekarun 1920, akwai wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam, Kurt Lewin, da ya saba zama da ɗalibansa a gidan shan gahawa. Ana ba da labarin cewa sun lura da wani sabis da ke riƙe odar kowa a ka, ba tare da rubutu ba, amma da zarar an biya kuɗi sai lissafin ya goge. Wata ɗaliba 'yar asalin Lithuwaniya, Bluma Zeigarnik, ta ɗauki maganar zuwa ɗakin gwaji. Takan ba mutum ƙananan ayyuka kamar ashirin, irin su lissafi, jera duwatsun ado a zare da gina wani abu da yumɓu, sai ta bar shi ya gama rabi, rabin kuma ta katse shi ana tsaka da yi. Daga baya ta tambaye shi abin da ya tuna. A sakamakon da ta buga a 1927, ayyukan da aka katse sun fi zama a ka, kusan ninki biyu. Masu bincike da suka maimaita gwajin daga baya ba kullum suke samun wannan ninkin ba, gaskiya ɗaya ce. Amma abin da ya rage na maganar ya ishe ni: aikin da ba a gama ba, ba ya barin zuciya ta huta.

A daren nan ban yi faɗa da farkawar ba. Na yi lamo. Na saurara.

Sai ga su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin makarantar yara. Famfon da ke yoyo tun kafin azumi. Ta'aziyyar da ban je ba, har na fara jin kunyar haɗuwa da masu rashin. Takardar da na yi alkawarin miƙawa a wurin aiki. Can baya, ya rakuɓe kamar maraya, littafin da na shekara biyar ina cewa zan rubuta. Ashe ba ɓarawo ɗaya ba ne, gayya ce. Kuma ba ta katanga suke haurowa ba. Tare muke kwanciya.

In ka duba ma ba ɓarayi ba ne, masu bin bashi ne. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai nawa da tsakar dare yake murɗawa. Da rana hayaniya takan danne muryarsu, amma da gari ya yi tsit sai kowa ya ɗaga murya, don yana tsoron a manta da shi.

To, an gano masu laifi. Sai dai shari'ar ba ta ƙare ba, don ranar Alhamis ɗin nan ban biya ko ɗaya daga cikinsu ba. Famfo na yoyonsa, kuɗin makaranta na nan. Me ya rufe musu baki?

Amsar a aljihun tsohuwar rigata take. Uwargida ce ta tsinto za ta ba wanki. Wani ambulan ne da ya yamutse, a bayansa rubutuna: Juma'a bayan masallaci, ta'aziyya. Asabar da safe, a kira mai gyaran famfo. Litinin, a ga shugaban makaranta a roƙi biya kashi biyu. Sai na tuna. A daren nan ta matsa mini sai na faɗa mata tsarin kuɗin sati, ni kuma don ta ƙyale ni na jawo ambulan na zayyana komai, har da abin da ba ta tambaya ba.

Layi uku. Shi ke nan.

Ashe mai bin bashi ba lallai sai ya ga kuɗi yake tafiya ba. Ka sa masa rana, ya ga an rubuta, sai ya koma gida. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Jihar Florida ta Amurka, Masicampo da Baumeister, sun tuna wa mutane ayyukan da ba su gama ba, sannan suka ba su labari su karanta. Hankalinsu ya yi ta gudu daga karatun. Waɗanda aka sa suka fara rubuta yadda za su yi aikin da lokacin da za su yi shi kuwa, sai tunanin ya lafa, alhali ba su taɓa aikin ba. Ba mamaki ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Ita dai maganar bashin dukiya take yi, amma ni da na karanta ta a satin nan, sai da na yi shiru.

Har batun barcin ma an auna. A 2018 Michael Scullin da abokan aikinsa a Jami'ar Baylor da ke Texas sun kwantar da matasa 57 a ɗakin gwaji, kowa ya yi rubutun minti biyar kafin kwanciya. Wasu suka rubuta abin da suka riga suka gama, wasu kuma abin da ke jiransu a kwanaki masu zuwa. Da ni aka tambaya, da na ce masu lissafa nasarorinsu za su riga yin minshari. Ina! Masu rubuta aikin gobe ne suka riga, da kusan minti tara, kuma wanda ya fi fayyace jerinsa ya fi saurin tafiya. Wannan fayyacewar ita ce ƙashin bayan abin. Na gwada rubuta "littafi" kawai, ya dawo ƙarfe biyu ya tashe ni. Da na rubuta "shafi ɗaya, bayan asuba, Talata", sai ya haƙura.

Yanzu akwai ɗan littafi mai bangon shuɗi da biro a gefen katifata. Gwaggo har gobe tana cewa turarenta ne ya yi aiki, ni kuma ban musa mata ba. Ƙwai biyun nan na mai shayi na biya su ranar Laraba, kamar yadda aka rubuta.